Guɗar da Ta Riga Hoto

Mahaifiyata ita ce mai guɗar unguwarmu a Rano. Duk gidan da za a kai amarya ko a raɗa suna, sai an aiko mata da goro tun da sauran kwanaki, domin in ta kama hancinta ta saki murya, har masu shanya a bayan gari sai sun san an yi abin arziki. Inna muke ce mata, mu da 'ya'yan maƙwabta duka. Baƙon da ya tarar da ita a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, ga carbi a gefe, ba zai taɓa kawowa a ransa cewa tsohuwar nan tana iya yin musun ƙwallo da samari har ta kayar da su ba.

Baba ne ya jawo, Allah ya jiƙansa. Direba ne, yana jigila tsakanin Rano da Kano, ranar kasuwa kuma ya leƙa Kibiya. Shi ya fara shigo da talabijin layinmu, ya ɗaura eriya a kan dogon gora, ya kafa a jikin katangar tsakar gida. Ya ce maza suna da wurin mai shayi da ƙofar gidan Alhazai, wannan ta cikin gida ce. Don haka duk ranar da 'yan wasan ƙasa za su buga, kafin la'asar tsakar gidanmu ya cika da mata, kowace da tabarmarta da goyonta, wata ma da tiren shinkafar da take tsincewa. In iska ta kaɗa goran hoto ya tafi, sai a tashi ɗaya daga cikinmu ta riƙe shi tana juyawa, na zaune suna ta “kaɗan, kaɗan, ya wuce, dawo, tsaya nan!” Na sha tsayuwa a gindin goran nan har a tafi hutun rabin lokaci, ina jin wasan da kunne, ina tsine wa iska a zuci.

Inna ba ruwanta da wasannin ƙasashen Turai da samari suke kashe kansu a kai. Takan ce waɗancan kasuwarsu suke ci. Amma in masu koren kaya ne, to yaranta ne. Ba ta san sunan ko ɗaya ba, sai dai dogon nan na baya, da mai kitson nan, da gajeren nan mai gudun tsiya. Ta san satar gida tun kafin a ɗaga tuta, tana kuma yi wa alƙalin wasa faɗa kamar yana jin ta. In aka fara taken ƙasa, ko jariri ne ya yi kuka sai ta harari uwarsa. Da an ci kuwa, sai ta miƙe, ta kama hanci, ta rangaɗa guɗa irin wadda ko amaryar ɗan sarki ba ta samu ba. Har bayan rasuwar Baba ba a fasa ba. Ni ma da na yi aure, ba nisa na yi ba, ranar wasa nakan rufe keken ɗinkina in ɗauki mayafi in taho.

To, wata rana aka taru kamar kullum. An sanar a gari ƙasa za ta buga, mata sun shimfiɗa tabarmi, an kunna talabijin. Sai ga wasu mutane uku a kan kujeru suna zancen takin zamani. Muka ce ko lokaci ne bai yi ba. Muka jira, suka gama taki suka koma maganin ƙwari. Aka canja tasha, aka samu waƙa. Na tashi na kama goran na juya shi gabas, na juya yamma, har na kusa tumɓuke shi, kamar laifinsa ne. Muna cikin haka sai ga ƙanena ya shigo ɗaukar takalmi, ya gan mu, ya kwashe da dariya.

“Inna, ai ba za a nuna a nan ba,” in ji shi. “An sayar da wasan. Sai mai satalayit da ya sa kati.”

Inna ta ajiye gyaɗar da ke hannunta. “Wa ya sayar?”

“Manya mana.”

“Wa suka tambaya?”

Ya ɗauki takalminsa zai fita.

“Tsaya,” in ji ta. “Yaran nan ba da sunan ƙasa suke bugawa ba? Ko ni an cire ni daga ƙasar ne ba a gaya mini ba? Ranar zaɓe dai har ƙofar ɗakin nan ake zuwa neman babban yatsana.”

Mata suka naɗe tabarminsu ɗaya bayan ɗaya. Ni kam raina ya ɓaci sosai a ranar, kuma har yau in na tuna sai ya sake ɓaci. Abin da ka taso kana gani kamar ruwan sama, na kowa da kowa, a wayi gari an kewaye shi an sa ƙofa.

Ƙofar kuwa ba ta yi nisa ba. Ba a jima ba ɗan maƙwabtanmu na baya, wanda Inna ce ta yi guɗar sunansa, ya buɗe gidan kallo a filin da ke jikin katangarmu. Ya kewaye da kwano, ya jera bencina, ya kafa satalayit, ya sayi janareto. Ban ga laifinsa ba, sana'a ya samu, kuma yaron kirki ne. Maza suka samu mafita, kowa ya biya a ƙofa ya shiga. Mu fa? Babu wanda ya rubuta a jikin kwanon cewa mace ba ta shiga, amma kowa a Rano ya san matar aure ko tsohuwa ba za ta je ta matsu a benci cikin garada ba. Masu sayar da wasan can a inda suke, na tabbata ko a mafarki ba su tuna da tsakar gida irin namu ba. Sun ɗauka duk mai son ƙwallo wando yake sawa.

A daidai lokacin nan ne kuma idon Inna ya fara ba ta matsala. Da farko zare ne ya gagare ta sawa a allura, daga baya ta fara cin karo da turmi. Muka kai ta asibiti a Kano, likita ya ce hawan jinin ido ne, ya ba da magani na ɗigawa. Ya gaya mana gaskiya cewa maganin zai rage wa ciwon gudu ne kawai, abin da ya tafi ba ya dawowa. A mota muna dawowa, da muka kusa gida, sai ta ce, “Allah ya sa in ƙara ganin yaran nan kafin a rufe.” Na yi kamar ban ji ba, domin in na amsa kuka zan yi.

Wasan da ya biyo baya, ta sa na buɗe akwatin Baba na ciro tsohuwar rediyonsa, wadda yake rataya a mota. Muka sa batir, muka yi ta murɗawa har muka samu wata tasha da ke bayar da wasan da Hausa. Mu biyu kawai muka zauna a inuwar katanga, sai wata maƙwabciya da ta shigo aron rariya ta ƙi tafiya. Ta bayan katangar muna jin janareto yana ƙugi, maza suna hayaniya.

Can mai sharhi ya fara ɗaga murya yana cewa ɗan wasanmu ya shiga, ya yanke, ya buga, ta shiga raga! Inna ta zabura ta kama hanci ta saki guɗa. Sai muka ji bayan katanga tsit. Na ce a raina ko kunnenmu ne ya yi mana gizo, ko an hana cin. Inna ma ta tsaya da hannu a hanci. Sai da aka yi kamar numfashi biyu zuwa uku, sannan gidan kallo ya ɗauki ihu kamar kwanon zai tashi sama.

Muka dubi juna. Ƙanena ne ya warware mana da ya dawo daga gidan kallon, yana huci. Ashe rediyo tana riga satalayit. Hoton sai ya je sama ya zagayo kafin ya sauko musu, ita kuwa murya kai tsaye take zuwa. Ya ce suna zaune ƙwallo tana tsakiyar fili, ba alamar komai, sai suka ji guɗa ta faɗo musu ta kan katanga.

“Inna, kin ɓata mana kallo wallahi,” in ji shi.

Ban taɓa ganin Inna ta yi dariya irin ta ranar ba. Har da hawaye, har da dukan cinya. “Wato ni da ban biya ba, ni ke fara sani? Kai, Allah mai iko!”

Daga ranar abin ya zama sana'a. Duk wasan ƙasa, sai ta sa a ja mata tabarma daf da katangar, ta jiƙa maƙogwaro da ruwan ɗumi kamar mai shirin biki. Mata suka fara dawowa, yanzu ba kallo ake zuwa ba, jin rediyo ake zuwa da jin yadda maza za su ƙare. Abin da ya fi ƙona musu rai shi ne bugun fenareti. Suna kallon ɗan wasa yana gyara ƙwallo, yana ja da baya, kowa ya riƙe numfashi, sai guɗa ta sauka. In kuma aka ci mu, Inna takan saki salati da ƙarfi, shi ma ya haura. Har shirunta ya zama labari: in ɗan wasanmu ya nufi raga suka ji tsit a gidanmu, sun san ya zubar, sai ka ji tsaki tun kafin ya buga. Wasu suka koma bencin da ya fi nisa da katangar. Wani, aka ce, har auduga yake toshe kunne da ita. Mai gidan kallo ya ƙure ƙarar lasifikarsa, amma muryar da ta saba ratsa taron biki ba lasifikar kanti ce za ta danne ta ba.

Rannan da hantsi sai ga Baffa, ƙanen Baba, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ya yi sallama ya shigo, mai gidan kallo yana bin sa a baya yana sunkuyar da kai. Ina nan, na zo ɗiga mata magani. Aka gaisa, yaron ya tsuguna nesa kaɗan.

Baffa ya gyara murya. “Yaya, magana ce ƙarama. Yaron nan mutane sun fara guje masa, suna tafiya gidan kallon bakin tasha. Ba cewa aka yi ki daina ba. Ki riƙa ɗan jinkirtawa, in kin ji ihunsu sai ki yi guɗarki.”

“In jira su?”

“Ɗan kaɗan dai. Kuma fisabilillahi, da girmanki, guɗa ai ta biki ce.”

Inna da Baffa akwai wasa tsakaninsu tun tana amarya, amma ranar ba ta yi murmushi ba. “To Malam, na ji. Bikin 'yarka ma yana tafe. In an kawo lefe sai in zauna shiru in jira in ji ihun maza tukuna.” Ta juya wajen da take jin numfashin yaron. “Kai kuma ɗan nan, ranar da aka haife ka wa na jira? An ɗauke mini hoto ban ce komai ba. Yanzu muryata ma sai an sa mata lokaci?”

Yaron ya ƙara sunkuyawa. “Inna, wallahi ba raini ba ne. Ni ma na yi tunani. In kin yarda, zan huda katangar nan in jawo miki waya daga dikodata har talabijin ɗinki. Ba za ki biya ko kwabo ba. Kin ga sai mu riƙa gani tare, lokaci guda.”

Murna ta kama ni. Ga abin da take roƙon Allah ya zo har gida, ido kuma yana ta tafiya. Na buɗe baki zan yi masa godiya, Inna ta ɗaga mini hannu.

“Allah ya yi maka albarka,” in ji ta. “Amma bar wayarka. In ka ba ni yau, gobe ka tashi daga filin nan ko katinka ya ƙare, shi ke nan an sake rufe ni. Kuma ƙanwata da ke Kibiya, wa zai huda mata katanga? Matan Yalwa da na Saji fa, kowace tana da ɗan maƙwabci mai dikoda? Ni ba alfarma nake nema ba. Abina aka ɗauka, a inda aka ɗauke shi nake so a mayar.”

Bayan sun fita muka yi faɗa, ni da ita, irin wanda ba mu taɓa yi ba. Na ce Inna, waɗanda kike fushi da su ba su san kina duniya ba. Ba za su taɓa jin kin ƙi waya ba. Idonki ne zai tafi a banza, kina jayayya da mutanen da ko sunan Rano ba su iya faɗa daidai ba. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, “Ke 'yar nan, su ba su sani ba, ni ai na sani. Ɗiga mini maganin ki tafi gidan mijinki.” Na ɗiga mata cikin haushi, na yi kwanaki ban dawo ba.

Da na huce na dawo, na tarar an ja tabarmar ta ƙara matsawa jikin katanga. Ban sake tayar da maganar ba. Gaskiya ma, a hankali sai na koma bayanta gaba ɗaya. Ni ce mai sayen batir, ni ce mai neman tasha. Wani lokaci rediyon ma takan ƙi kawo wasan, sai mu zauna mu ƙi kula ihun bayan katanga, Inna tana ɓarar gyaɗarta da laluben hannu kamar ba a yin komai a duniya. Mai gidan kallo dai bai tashi ba. Masu guje masa suka dawo, har aka ce wasu 'yan Kibiya suna zuwa musamman don su ji tsohuwar da ke riga satalayit. Bikin 'yar Baffa kuma ta yi guɗa har muryarta ta dushe, ba ta jira kowa ba.

Shekaru suka ɗan tura. Idon hagu ya rufe gaba ɗaya, na dama ya rage sai haske da inuwa. Sai wata shekara yaran suka yi abin kirki a wata babbar gasa, suka yi ta haurawa, har gari ya ɗauka. Ana saura kwana a buga wasa na gaba muka ji a rediyo cewa za a nuna shi a tashar kowa da kowa, kyauta. Ban san me ya faru a can sama ba, ko kunya ce ta kama wani, ko surutun mutane ne ya yi yawa. Ban kuma yi wa kowa godiya ba, domin ba a gode wa wanda ya dawo maka da abinka bayan ya gama mora.

Tsohon goran ya riga ya ruɓe, muka sa aka saro sabo. Talabijin ɗin Baba ta daɗe da mutuwa, na ɗauko tawa daga gida a ka. Kafin la'asar tsakar gida ya cika har bakin rijiya, da tsofaffin da suka saba zuwa da 'yan matan da ba su taɓa ganin an yi ba. Ƙanwar Inna ta biyo motar kasuwa daga Kibiya. Aka ba wata yarinya mai ƙarfi riƙon gora, aka dawo da “kaɗan, kaɗan, ya wuce, dawo!” Allah ya taimaka aka bar wuta.

Na zaunar da Inna a gaba, kusa da gilashin har tana iya taɓa shi. Na ɗauko rediyo zan kunna mata, domin sharhin talabijin da Turanci ne.

“Kashe,” in ji ta. “Yau kallo na zo.”

Aka yi taken ƙasa, ta sa aka yi shiru. Ta ƙura ido, ta matsa, ta karkata kai ta gefen dama.

“Wane kaya suka sa?”

“Kore, Inna.”

“Na gani,” in ji ta. Na san fili take gani, shi ma kore ne.

Aka yi ta fafatawa. Tana jin numfashin mata tana bin wasan da shi, in an ce “wayyo” ta ce wa ya zubar, in an yi tsaki ta zagi alƙali. Bayan an dawo daga hutu, wani yaro cikin namu ya ɗauko ƙwallo ta gefe, ya ratsa mutum biyu, ya miƙa tsakiya, wani ya sa mata kai. Raga ta motsa. Duk muka gani. Ban san yadda aka yi ba, ba wanda ya shirya, amma tsakar gidan nan kaf ba wadda ta yi ihu. Mata suka toshe baki da mayafi, kowa ta juyo tana kallon Inna, ita kuwa tana nan ta ƙura wa gilashi ido ba ta san an ci ba.

Na dafa gwiwarta na matsa.

Ta miƙe ba tare da ta dafa kowa ba, ta kama hanci, ta saki guɗar da ban taɓa jin irinta ba, doguwa, har da karkarwa a ƙarshe. Sai da ta kusa sauke ta sannan gidan kallo ya fashe da ihu ta bayan katanga. Duk da jiran da muka yi mata, ta riga su. Sannan mata suka ɓarke, yarinyar da ke riƙe da gora ta sake shi ta shiga rawa, hoto ya tafi, ba wanda ya damu.

Da aka watse, ina naɗe tabarmi, ita tana zaune a inda take, talabijin a kashe. Abin da na daɗe ina haɗiyewa ya ƙi haɗiyuwa.

“Inna, da kin yarda da wayar nan, da kin gan su shekarun nan duka, tun idon yana gani.”

Ta lalubo kwanon gyaɗarta ta jawo shi gabanta.

“Da na gan su a aro,” in ji ta. “Na yau kuwa nawa ne. Ki gaya musu kada wanda ya sauke mini goran nan.”